Rajistar da Dada Ta Dangwala

An yanke gero a gonakin Gafasa, an ɗaure, yau ake kai damin ƙarshe rumbu. Kowa a gidan Malam Tukur yana murna da wannan rana, ban da 'yarsa Shafa'atu.

Tun saukar ruwan farko mahaifinta ya kira ta zaure, ya ce, "Shafa'atu, ni ba zan yi miki dole ba. Amma yaƙi ya ƙare tun watan ɗaya. Sojojin da ke da rai sun dawo, ko sun aiko. Surajo shiru. Maikuɗi kuwa sau uku ke nan yana turo manyansa. Ke ki faɗa mini, har yaushe za mu jira?"

Kanta a sunkuye ta ce, "Har a kai gero rumbu, Baba. In ba a ji daga gare shi ba, na yarda."

Da bakinta ta faɗa. A lokacin ko shuka ba a gama ba, sai ta ga kamar shekara goma ta roƙa.

Surajo ɗalibin Malam ne tun yana ƙarami, daga baya ya yi boko a Gaya, ya zama akawun soja. Shi ne ke ara mata littattafai, ya rubuta sunansa, Surajo Gafasa, a bangon ciki, ita kuma ta fi daɗewa tana kallon sunan fiye da labarin da ke ciki. Shekara uku ke nan da tafiyarsa. Rabon da a ga wasiƙarsa an fi shekara.

Da hantsi Inna Gaji, mahaifiyarta, ta same ta a gindin rumbu da littafi a cinya.

"Tashi ki kai wa masu kwasar dami fura. Kin zauna kin sa takarda a gaba kamar ita za ta aure ki."

"To, Inna."

"Da azahar Bappan Maikuɗi zai iso. Kada ki fito mini da idanu jajur, kin ji ko? Shekara ashirin, Shafa'atu. Asama'u da kuka taso tare goyonta na biyu ke nan. Me yaron nan ya yi miki? Ga ladabi, ga sikelin gyaɗarsa a Ajingi, ga babur."

"Bai yi mini komai ba, Inna."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi damunta ke nan. Da mugu ne, da ta sami abin riƙewa. Maikuɗi in ya zo zance sai ya zauna nesa, ya yi ta ba ta labarin gyaɗa, ita kuma ta yi ta gyaɗa kai, zuciyarta tana can kan hanyar Gaya.

Ta ɗora ƙwaryar fura a ka ta fita.

Kullum in ta hau wannan hanya sai ta dawo da Surajo gida a zuciyarta. Wata rana a bayan motar gyaɗa take sauke shi, da akwatin ƙarfe a kafaɗa. Wata rana a ƙafa yake tahowa, ya rame, ya tsaya daga nesa yana murmushi, ita kuma ta yi kamar ba ta gane shi ba don ya ji yadda jira yake. Yau ta yi, ta yi, ya ƙi tahowa. Hanya ce kawai, da karan gero a kwance, da balbelu.

A gindin tsamiyar da ke mararraba ta tarar da Gwadabe, masinjan gidan waya mai raba wasiƙu a ƙauyukan nan sau ɗaya a mako. Ya kifar da kekensa yana faci, jakarsa tana rataye a reshe.

"A'a, 'yar Malam! Ashe ana ganinku? To, me mutumin Kaduna ya ce? Ni dai har yau ko goron tukuici ban gani ba."

Ta gaishe shi, ta ce, "Wane mutumin Kaduna, Baba Gwadabe?"

"Ji ta! Wasiƙar rajistar da na kawo wa Malam tun ana noman farko mana. Mai hatimin soja."

Sai da ta kai hannu ta tallafe ƙwaryar.

"Ba mu ga wata wasiƙa ba."

Gwadabe ya ajiye tayar. "Haba dai! Na yi sallama har muryata ta dushe. Malam yana gona, ke ba kya nan, Innarki kuma ta ce daga ciki ita ba ta fitowa wajen namiji. To in koma da ita? Sai wani makon fa, ga keken kina gani da idonki. Ai haka muke yi, a ba maƙwabci ya sa hannu."

Ya zaro wani littafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa har ya tsaya a wani shafi. Ga sunan Malam Tukur. Ga kwanan wata, biyu ga watan bakwai. A gefe kuma ga dangwalen babban yatsa da tawada, a ƙarƙashinsa ya rubuta: Dada, maƙwabciya.

Shafa'atu ta daɗe tana kallon dangwalen.

"Yaushe za ka biyo ta nan, in ka fito daga Ajingi?"

"La'asar, in kasuwa ta sake ni. Ke, lafiya? Gonar ai can take!"

Ba ta ji shi ba. Ta riga ta juya gari, furar mutane a kanta.

Dada! Dada da darni kawai ya raba gidanta da nasu. Dada da ta goya ta, take yi mata kitso duk Alhamis, take ɓoye mata ƙanzo. Amma Dada ɗin nan ita ce goggon Maikuɗi, yayar mahaifinsa ciki ɗaya. Tun kafin ta isa ƙofar gidan ta gama haɗa zancen a ranta, hawaye har sun sauko mata wuya.

Ta tarar da tsohuwar a ƙofar ɗaki tana kaɗi.

"Lale, ƙawata. Furar ta wace ce, tawa?"

Shafa'atu ta dire ƙwaryar, ta durƙusa.

"Dada, me na yi miki?"

Mazarin ya tsaya.

"Na ga yatsanki a littafin masinja. Wata biyu da rabi, Dada. Kina yi mini kitso, kaina yana kan cinyarki, ina ce miki shiru har yanzu, kina ce mini in yi haƙuri. Ashe tana ɗakinki. In don ɗan ƙanenki ne, ai da kin faɗa mini. Wallahi da kin ce, Shafa'atu ki auri Maikuɗi don ni, da ya fi mini sauƙi."

Dada ta ajiye mazarin. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta ce, "Shigo."

Ta fara sauke jeren kwanoninta ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga babbar kwallar da ke ƙasa, wadda Shafa'atu ba ta taɓa ganin an buɗe ba. Ta ɗaga murfin, ta fito da wani farin ƙyalle a naɗe, ta warware shi a kan gado.

Ambulan biyu ne. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kowanne da layi biyu na shuɗin fensir da suka gitta juna tun daga baki har baki. Ɗaya an yage bakinsa, ya yi laushi don yawan taɓawa. Ɗaya yana nan a like.

Dada ta ɗora yatsa a kan yagaggen.

"Wannan ta Hadi ce."

Hadi shi ne ɗan Dada tilo, wanda ya tafi yaƙi mota ɗaya da Surajo, bai dawo ba.

"Ranar tuwo nake tuƙawa," in ji Dada. "Wannan mutumin ne, wannan keken, wannan ƙararrawar. Ya kama yatsana ya dangwala, har yana yi mini wasa wai na yi miji a bariki. Na kai wa malamin firamare ya karanta mini. Kwana uku ina goge tawadar da toka, ta ƙi fita."

Ta share ido da gefen zane.

"To bana ya sake zuwa, ya ce ta gidan Malam ce, daga soja. Ina ganin layukan nan biyu na ce shi ke nan, Surajo ya bi Hadi. Na ɗauka zan shiga gidanku, sai na jiyo ki ta darni, kin dawo daga gona kina surfe, kina dariya da Innarki. Na ce bari sai gobe. Gobe ta yi, na ce jibi."

"Dada..."

"Bari in gama, 'yar nan. Ni na san yadda rana take kafin takardar nan, na kuma san yadda take bayanta. Ba iri ɗaya ba ce. Na ce in ƙara miki kwanaki, ko guda nawa ne. Na ce in kin shiga ɗakinki, kina da mai rarrashinki, sai in fito da ita. Ko wa kika aura ni ba ruwana, Allah ne shaidata. Kullum in ina yi miki kitso gawa nake ɓoye miki, kina jin ɗigo a wuyanki, ina ce miki gumi ne."

Shafa'atu ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka su biyu, babu mai ba wani haƙuri.

Da kukan ya lafa, ta miƙa hannu a hankali ta jawo ambulan ɗin biyu gabanta. Ta ce a ranta ko mutuwar ce, gara ta gan ta da idonta.

Na Hadi da tafireta aka buga adireshinsa, baƙaƙe ƙanana a jere kamar tururuwa.

Ɗayan kuwa da hannu aka rubuta.

Malam Tukur, Gafasa, ta hanyar Gaya. Rubutun ya ɗan kwanta dama, kamar dawa in iska ta bi ta kanta. Harafin farko na Gafasa da na Gaya duk an lanƙwasa su kamar lauje. Mutum ɗaya ne a duniya yake wannan lauje. Tana da shi a bangon littafi bakwai.

Ɗakin ya yi mata nisa. Ta ji kamar tana gindin tsamiya, yamma ta yi, wani yana tahowa daga hanyar Gaya.

"Dada," ta ce. "Yana da rai."

"Kada ki yi wa kanki haka, 'yar nan."

"Hannunsa ne! Dubi, wannan inji ya buga, wannan shi ya rubuta da kansa. Layukan nan ba na mutuwa ba ne, Dada, duk wasiƙar da ake so a sa hannu kafin a karɓa haka ake yi mata."

Tsohuwar ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ita duk tsutsotsi take gani. Sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku. Rai na binne a kwalla wata biyu da rabi? Buɗe! Buɗe mu ji!"

Yatsan Shafa'atu har ya kai bakin ambulan ɗin, ta janye.

"Sunan Baba ne a jiki."

Daga waje suka ji ana sallama a zauren Malam, da muryar Bappan Maikuɗi, ƙanen Dada, yana gaisuwa. Ashe har an idar da azahar.

Dada ta ɗaure zanenta tamau, ta yafa mayafi.

"Ni na dangwala, ni zan kai."

Shafa'atu ta zaga ta cikin gida ta raɓe a bayan ƙofar zaure ta ciki. Ta kafar ƙyauren tana hango mahaifinta a kan buzu, Bappa a tabarma, ƙullin goro a tsakaninsu.

"To, Malam," in ji Bappa, "mun ga dami yana shigowa. Mun zo jin alheri."

Malam ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki Dada ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa, ta ajiye wasiƙar a gefen buzunsa. Ta faɗi komai, ba ta rage ba, tun daga ƙararrawar keke har zuwa kwalla.

Bappa ya ce, "Yaya, yanzu me kike yi mana haka? Yau kika ga dama?"

"Yi mini shiru, Bappa. Ni na wanke maka kashi."

Malam ya sa tabarau, ya yi bisimilla, ya farke bakin ambulan ɗin. Da ajami aka rubuta ta ciki. Ya karanta a fili, a hankali, yadda yake biya wa ɗalibai.

Surajo ya gaida Malam, ya gaida Inna. Ya ce an harbe shi a ƙafa daf da ƙarewar yaƙi, ya yi watanni a asibitin soja bai san inda kansa yake ba. Ya ce ya warke, amma ƙafar hagu ba za ta koma daidai ba, da sanda yake tafiya, kuma ba ya so a ɓoye wa kowa wannan. Ya ce in duk da haka Malam zai ba shi Shafa'atu, zai turo manyansa.

A bayan ƙyaure Shafa'atu ta cusa mayafi a baki.

Bappa ya muskuta. "Allah ya ƙara masa lafiya. Amma Malam, magana ita ce in ba a ji daga gare shi ba har gero ya shiga rumbu. Ba a ji ba. Ga gero can ana zubawa."

Malam ya juya ambulan ɗin yana duban hatimin.

"Shafa'atu, na san kina nan. Yaushe aka sa hannu a kan wasiƙar nan?"

"Biyu ga watan bakwai, Baba. Yana cikin littafin masinja."

"To ka ji. Yaro ya yi magana tun gero bai kai gwiwa ba. Saƙonsa ya iso garin nan, an karɓa da sunana, ga shaida a rubuce. Mu ne ba mu ji ba, ba shi ne ya yi shiru ba. Ba zan hukunta shi da laifin darnina ba." Ya juya wajen ƙofar. "Kin ji zancen ƙafa. Har yanzu?"

"Har yanzu, Baba."

Malam ya tura ƙullin goron gaban Bappa da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri. Ni da kaina zan zo Ajingi in ba Maikuɗi haƙuri. Yaron kirki ne, bai yi mana komai ba."

Bappa ya ɗauki goronsa, ya harari yayarsa, ya sa takalmi ya fita ba ko sallama.

Shafa'atu ta jingina kai da bango ta lumshe ido. Ga shi nan yana tahowa a hanyar Gaya. Bai taɓa zuwa mata da sanda ba, amma sandar ta yi masa kyau. Ba za ta yi kamar ba ta gane shi ba. Za ta...

"Tsaya," in ji Malam. "Akwai saura a baya."

Ya juya takardar, ya karanta.

"In ban ji amsa ba zuwa ƙarshen watan tara, zan ɗauka Malam bai amince ba, kuma ba zan ga laifin kowa ba. Zan sa sunana cikin waɗanda za a tura Ikko, ba zan sake damun gidan ba."

Ya ɗago kai. "Yau nawa ga watan Bature?"

Shafa'atu ta ce, "Ashirin da ɗaya, Baba."

Can daga bakin gari, ta hanyar Ajingi, aka jiyo ƙararrawar keke.

Babu wanda ya taɓa ganin Dada tana gudu sai ranar. Kafin Gwadabe ya wuce ƙofar masallaci ta sha gabansa, ta riƙe ƙahon keken da hannu biyu.

"Tsohuwa, za ki kayar da ni! Me na yi kuma?"

"Kai da yatsan mutane! Ba inda za ka sai Malam ya gama rubutu."

Malam ya jawo tawada da alƙalami, ya rubuta layi huɗu, ya hura, ya ninke. Gwadabe ya lalubo ambulan a jakarsa yana gunaguni. Aka miƙa wa Shafa'atu ta rubuta adireshi, don ita ce mai boko a gidan. Ta rubuta da sauri har sunan Surajo ya hau tudu ya gangaro, ta ji kunya ta kama ta, don ta san zai gane hannun.

Gwadabe ya zaro shuɗin fensir ya ja layi biyu, suka gitta juna. Dada ta kawar da kai, sannan ta juyo ta kalle su sosai.

"Kwana nawa zuwa Kaduna?" in ji Malam.

"Bakwai, in mota ta yi kirki. In ruwa ya ci hanya, goma."

Kowa ya san kwana tara suka rage.

Gwadabe ya jefa wasiƙar a jaka, ya ɗora ƙafa a feda. Shafa'atu, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mahaifinta ba, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Baba Gwadabe."

"Na'am, 'yar Malam?"

"Don Allah ka rubuta musu a jiki. A hannunsa za a ba shi. In ba ya nan, a jira shi. Kada a bar wa maƙwabci."